Ƙarin Falle: Tarihin Sifirin da Lodi a Hanyar Birnin Gwari

Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar akori-kura a tashar Birnin Gwari, ko ta Buruku, ko ta Dogon Dawa, zai ga damin fallayen ƙarfe a kusa da kowace tayar baya, an jera su babba a sama, ƙarami a ƙasa. Wannan shi ne sifirin. Idan ya ƙirga fallayen da kyau, sau da yawa zai tarar sun fi yawan waɗanda kamfani ya sa. Ɗaya ko biyu launinsu daban, kaurinsu daban, domin daga jikin wata mota aka ciro su. Wannan ƙarin falle yana da tarihi, kuma tarihinsa na hanya ne da noma da kuɗi, daga baya kuma na tsoro.

Shi kansa sifirin ya girmi mota. A kan keken doki aka fara shi a Turai, kuma a 1804 wani maƙerin keken doki a Landan mai suna Obadiah Elliott ya yi rajistar irin nasa mai lanƙwasa. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Falle ɗaya mai kauri zai iya ɗaukar nauyi, amma ba zai lanƙwasu ba, karyewa zai yi. Fallaye da yawa kuwa suna lanƙwasa tare, suna zamewa a kan juna, su shanye girgizar hanya. Da motocin ɗaukar kaya suka zo, injiniyoyi suka gamu da matsala: sifirin da ya isa ɗaukar cikakken lodi yakan yi wa mota tauri idan ba kaya, ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Sai suka ƙirƙiro mataimakin sifirin, wato ƙaramin dami na biyu da ke zaune haka kawai, ba ya taɓa komai sai nauyi ya danne motar ta sauko kansa. Tsofaffin direbobin Bedford da na Roka sun san shi sarai.

Abin da ya sa wannan ƙarfe ya zama jigo a Birnin Gwari kuwa, taswira ce ke faɗinsa. Layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano ya bi ta Zungeru da Minna da Kaduna. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Birnin Gwari ta faɗa tsakanin layukan biyu, babu wanda ya taɓa ta. Ƙasa ce mai ruwa da albarkar noma, ga masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, ga zinariyar da ake haƙa tun zamanin Turawa. Amma duk abin da ta fitar, a bayan mota zai fita. Kafin a yi tagwayen hanyar Kaduna zuwa Abuja, ta nan manyan motoci suke bi daga Kaduna zuwa Tegina, Mokwa, Jebba, har Ikko. Babbar mota tana tsayawa a bakin kwalta. Daga ƙauye zuwa bakin kwaltar, a kan burji da gargada da rafukan damina, aikin ƙaramar mota ne.

Ƙaramar motar ta samu ne a kusa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna, kimanin kilomita 120 daga Birnin Gwari. Akori-kurar 404, daga baya kuma 504, ta zama jakin ƙauyukan Arewa. An ƙera ta ta ɗauki tan ɗaya da ɗan wani abu, wato buhun masara goma zuwa sha biyu mai kilo 100, in an cire direba da yaransa. Muddin sabuwar mota na sayuwa, direba yana da dalilin tausaya wa wadda ke hannunsa, ya yi sawu biyu maimakon ya kashe ta a sawu ɗaya.

Shekarar 1986 ta canza wannan lissafi. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai jigilar ƙauye, kayan gyara suka yi tsada. Motar da a da ake sayarwa bayan 'yan shekaru, yanzu dole ta rayu shekara ashirin, kuma dole kowane sawu ya biya kuɗin mai da taya da na mai mota. Hanya ɗaya ta rage, a ƙara buhu. Da aka ƙara buhu bayan mota ya zauna, da bayan mota ya zauna aka nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, aka sayo tsohon falle aka kai wa makaniki. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta tarar da al'adar ta riga ta kafu.

A nan ne ya kamata a fahimci abin da ƙarin falle ke yi da abin da ba ya yi. Yana ɗaga bayan mota, ya hana bodi goga taya, ya rage tangaɗi a kwana. Amma aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, yana nan yadda aka ƙera shi. Boris ɗinsa, da tayoyin, da birkin, da ƙashin bayan motar, babu wanda ya ƙaru da komai. Zaman da mota ke yi idan an yi mata lodi fiye da kima gargaɗi ne da ido ke gani, kuma ƙarin falle yana share gargaɗin ne ya bar nauyin. Akwai ma wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. A motoci irin 504 da tsofaffin Hilux akwai ɗan bawul da ke auna yadda bayan mota ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon saukar. Idan sifirin ya yi tauri, motar ba ta sauka sosai, sai bawul ɗin ya ɗauka kaya kaɗan ne, ya rage wa birkin baya ƙarfi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Saboda haka ƙwararrun makanikai suke da ƙa'idojinsu. Faɗin sabon falle ya yi daidai da na asali. Kauri kuma a yi hattara da shi, domin fallen da ya ninka ɗan'uwansa kauri ya fi shi tauri sau takwas. Abin da aka sa a dama shi za a sa a hagu. A tokare motar ta ƙashin bayanta kafin a kwance komai, ba a dogara da jak kaɗai ba. Ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure damin da aksul, sababbi ake sawa, a kuma sake ɗaure su bayan sawun farko da lodi. Ba a yi wa sifirin walda, domin wuta tana kashe taurinsa, ya karye a daidai wurin. Wanda kuma wani lokaci yake tafiya ba kaya, mataimakin da ba ya aiki sai an yi lodi ya fi masa alheri a kan fallen da aka cusa cikin dami.

Hanyar ma ba ta tsira ba. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksul ya ninka, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka wajen sau goma sha shida. Mafi yawan ɓarnar ta tireloli da tankoki ce, amma dabarar ɗaya ce daga babba har ƙarami. Lodi yana haƙa rami, rami yana karya sifirin, karyewar tana sa a ƙara falle, ƙarin fallen yana ba da ƙwarin gwiwar ƙara lodi.

Sai kuma shekarun 'yan bindiga suka zo. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama ɗaya daga cikin mafiya haɗari a Nijeriya, matafiya suna jiran rakiyar jami'an tsaro, kasuwar kara ta yi shekaru a rufe. Direban da ya san kowace fita sayar da rai ce ba zai yi sawu biyu ba in ɗaya zai wadatar. Sai ya tara kayan sawu biyu da fasinja a samansu, ya kuma taka mota da gudu a kan ramukan da suke bukatar lallaɓawa, domin tsayawa a dajin ta fi karyewar ƙarfe muni. Wanda sifirinsa ya karye tsakanin Udawa da Kuriga a waɗannan shekaru, damuwarsa ta wuce kuɗin gyara.

A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Uba Sani ta ƙulla sulhu da ɓangarorin 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar kara, motoci suka fara komawa hanyar. Masu nazari za su auna ɗorewar wannan sulhu da yawan hare-hare da farashin hatsi. Akwai wani ma'auni a ƙarƙashin mota. Ranar da direba zai iya yin sawu biyu da rana tsaka a kan hanya mai kyau, ya sami riba da buhu goma sha biyu, ranar ce mai sayar da tsohon falle zai ga ciniki ya ja baya.

Kafin ranar, fallen da ya karye ba ya zama shara. Maƙeran Arewa sun daɗe da sanin cewa ƙarfen sifirin yana riƙe kaifi sosai, da shi suke ƙera adda da gatari da wuƙa. Ƙarfen da buhunan masara suka karya yakan koma gona, ya share filin da za a shuka masarar baɗi.