Daga Majigi Zuwa Kaset: Tarihin Kallo a Ƙasar Yauri

Majigi shi ne hoto mai motsi na farko da talakawan ƙasar Hausa suka sani, kuma da shi tarihin kallo ya fara a ƙasar Yauri kamar yadda ya fara a sauran masarautun Arewa. Sunan ya samo asali ne daga sunan Turanci na wata fitila mai haska hoto a jikin bango. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta fara yawo da shi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman don koyar da tsafta da rigakafin cuta, daga baya ma'aikatar watsa labarai ta Jihar Arewa da hukumomin En'e suka gaje shi. Mota ce ake ɗora wa injin wuta da na'urar haska fim da lasifika, ta bi lardi gari-gari. Idan ta sauka, sai a yi shela, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, jama'a su taru ba tare da biyan ko anini ba.

A wancan zamani Yauri tana cikin Lardin Sakkwato, kuma Yelwa, hedikwatar masarautar, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Koko da Jega ta shiga Sakkwato. Garuruwan bakin hanya irin wannan su ne suka fi samun rabo daga majigi, domin mota ba ta shiga tsibiri. Gungawan da ke zaune a tsakiyar kogin Kwara, da masunta Sarkawa, da Kambarin da ke cikin daji wajen Ngaski, da Shangawa, sai dai ranar kasuwa ta haɗa su da irin wannan kallo. Abin da ya sa kowa yake fahimta shi ne mai sharhi, mutumin da ke riƙe da makirufo yana fassara hoton da Hausa nan take, yana ƙara gishiri inda ya ga jama'a sun fara gyangyaɗi. A ƙasa mai harsuna da yawa kamar Yauri, Hausa ce harshen kasuwa da fada, majigi kuma ya ƙara mata ƙarfi.

Tsarin daren majigi kusan ɗaya ne a ko'ina. A fara da labarun gwamnati, irin su hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 ko rangadin Sardauna, a sako fim na noma ko na lafiya, sannan a rufe da na barkwanci don kada mutane su watse da wuri. Wanda ya fi zama a zukatan dattawa shi ne Baban Larai, fim na shekarun 1950 da aka shirya don jan hankalin manoma zuwa ingantaccen noma. Darasi ne aka naɗe cikin labari, amma abin da ya kama mutane shi ne ganin Bahaushe da rigarsa da hularsa yana magana a jikin ƙyalle. Ta wannan hanya ce wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya gaji ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har yau, wato a ba da dariya a kuma yi gargaɗi.

Gidajen sinima na kuɗi kuwa harkar manyan birane ce. A Kano, 'yan kasuwa Kwarori ne suka buɗe Rex tun 1937, aka biyo da wasu, kuma daga shekarun 1960 finafinan Indiya suka mamaye su, har Mother India da Sholay suka zama kamar na gida. Matafiya da direbobi da fataken kifi ne suke komawa garuruwansu da labarin abin da suka gani. Sinima dai ba ta taɓa samun mutuncin da majigi ya samu ba. Ana ɗaukarta wurin 'yan iska, matan aure kuma ba sa zuwa.

Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji, aka buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsibirai da gonakin fadama da tsohon garin Bussa, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga ƙasashen Yauri da Borgu zuwa sababbin matsugunai. Wutar da madatsar ke samarwa ita ce ta kunna akwatunan talabijin na Legas da Kaduna da Kano, alhali da yawa daga ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu sun shafe shekaru masu yawa ba su ga turken lantarki ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ya shafi tarihin kallo kai tsaye: a bakin tafki, talabijin ya daɗe yana aiki da batirin mota ko ƙaramin janareto.

Shi kansa talabijin ya fara a Nijeriya a Ibadan a 1959, ya iso Arewa a 1962 da kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Sakkwato ta samu tata tashar a tsakiyar shekarun 1970, kuma a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar duka ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka sani da NTA. Sai dai hoton talabijin ba ya tafiya mai nisa, Yelwa kuwa tana da tazarar ɗaruruwan kilomita daga Sakkwato da Kaduna. Mai akwati sai ya kafa doguwar eriya a kan gora ko ƙarfe, yaro ya tsaya waje yana juya ta, na ciki suna cewa ya yi ko bai yi ba. Rediyo bai da wannan matsala. Rediyon Kaduna a gajeren zango yana shiga kowace bukka da kowane jirgin masunci, shi ya sa jama'ar karkara da yawa suka san 'yan wasan da murya tun kafin su san fuskarsu. Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan da Basafce suna cikin wasannin da aka saurara ta wannan hanya.

Babu ɗan wasan da ya ci moriyar kafofin biyu kamar Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, wani gari a bakin kogin Kwara can ƙasa da Jebba, kuma soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Shirinsa ya fara a farkon shekarun 1970, ba da daɗewa da gama yaƙin basasa ba, lokacin da kusan kowane gari yake da tsohon soja ko ɗa a bariki. Ya ɗauki Hausar bariki, wadda ke cakuɗe da Turancin buroka da tsawa, ya mai da ita abin dariya ba tare da ya wulakanta kakin ba. Samanja mutum ne mai faɗa a fagen fareti, amma a gida rigimar iyali da bashi da maƙwabta suna juya shi kamar kowa. A zamanin da soja ke mulki kuma talaka ke tsoronsa, ganin soja yana ruɗewa a gaban matarsa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga zuciya. Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023.

Kasimu Yero, mutumin Zariya, wani irin gwani ne daban. Ya yi suna a Karambana, ya fito a wasan da aka yi daga littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sannan ƙasa duka ta san shi a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci kan rayuwar manoma da aka ɗauka a yankin Jos daga 1980. Ƙarfinsa yana cikin fuska da sarrafa murya. Yana iya ba da dariya da ɗaga gira kawai. Ya rasu a 2017. A wancan zamani kowace tasha tana da nata gwanaye da wasanni: Jos tana da Karkuzu na Bodara, Kano tana da Kuliya Manta Sabo da kuma wasannin CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, Kaduna tana da Tambari. Na kusa da zuciyar mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Yauri take ciki har aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, su ne Idon Matambayi da barkwancin Golobo, saboda an yi su da Sakkwatanci tsantsa, karin harshen da kafofin Kano da Kaduna ba su cika ba shi fili ba.

Waɗannan wasanni ba su da kayan aiki na a zo a gani. Hoton farko baƙi da fari ne, ɗaki ɗaya ne ko zaure, 'yan wasan kuma sau da yawa ba su da rubutaccen zance, sai dai a ba su ƙashin labari su cike da bakinsu. Daga nan ne daɗinsu ya fito, domin maganar ta zaure ce da kasuwa da kotun alƙali, da karin magana da habaici a inda suka dace. Yadda ake kallon ma yana cikin abin da ake kewa. Tasha tana buɗewa da yamma ta rufe kafin tsakar dare, shiri yana zuwa sau ɗaya a mako, wanda ya wuce shi kuma ya wuce. Mai akwati yakan fito da shi ƙofar gida ko tsakar gida, yara a gaba a kan tabarma, manya a baya, mata daga bakin ƙofa. A karon farko matan kulle suka ga abin da sinima ta hana su.

Bidiyo ne ya karya matsalar nisa. Daga ƙarshen shekarun 1980 gidajen kallo suka bazu a garuruwa irin su Yelwa, inda da ɗan kuɗi kaɗan matasa za su kalli Indiya ko Canis a kan benci, janareto yana ruri a waje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyon Hausa na farko da aka sayar a kasuwa. Gimbiya Fatima da In Da So Da Ƙauna suka biyo baya, sannan Sangaya a 1999 da Wasila suka kafa salon waƙa da rawa. Kaset ba ya bukatar eriya, yana tafiya a mota ko a jirgin ruwa tare da buhun albasa da kwandon banda, ya isa Wara da ƙauyukan gaɓa. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, shi ne ya gaji gurbin barkwancin su Samanja a wannan sabon zamani.

Finafinan Hausa na sinima ba su da yawa. Adamu Halilu ya shirya Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya yi Kanta of Kebbi a 1978 kan jarumin da ya kafa daular Kabi. Rashin ajiya ne ya jawo babbar asara a wannan tarihi. Tashoshi sun riƙa goge tsofaffin kasakasai suna ɗaukar sabon shiri a kai saboda tsadarsu, zafi da ƙura suka lalata wasu, abin da ya rage na Samanja da Karambana kuma galibi guntaye ne da masu sha'awa suka ɗora a YouTube. Shehu Umar ya yi sa'a: an gano faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas, aka gyara su da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka sake haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.