Wa Ke Biyan Kuɗin Magani a Duwala?

Wanda ya tashi daga Bonapriso a birnin Duwala ya nufi New Bell ba zai yi tafiya mai nisa ba, amma zai ga bambanci da idonsa. Bonapriso unguwa ce ta manyan gidaje da asibitocin kuɗi masu tsabta. New Bell kuwa unguwar baƙi ce, cike take maƙil da jama'a. A can ne Unguwar Hausawa take, da masallatai da majami'u da babban gidan kurkuku. In damina ta yi ƙarfi ruwa yakan kwanta a lunguna, ga rijiya ga masai kusa da juna. Saboda haka duk ran da gwamnati ta rage kuɗin da take kashewa a kan lafiya, mutumin Bonapriso yana da inda za shi, mutumin New Bell kuwa shi ne yake ji a jikinsa. Wannan al'amari ya fi shekara ɗari ana fama da shi, ya kuwa kamata mai karatu ya san asalinsa.

Ita kanta New Bell da sunan lafiya aka kafa ta. A zamanin mulkin Jamus, likitocin Turawa suka ce zama kusa da baƙar fata ne yake jawo musu zazzaɓin cizon sauro. Tun daga 1910 hukuma ta shirya ta karɓe filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, ta mai da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani wanda ba wanda zai yi gini a ciki. Sarkin gidan Bell, Rudolf Duala Manga Bell, bai yarda ba. Ya tuna musu yarjejeniyar 1884 wadda ta bar wa mutanen Duwala ƙasarsu, ya rubuta ƙara zuwa majalisar Jamus, ya kuma aiki magatakardansa Ngoso Din can Turai domin ya kai kukan jama'a. Aka tuhume su da cin amana, aka rataye su biyu ran 8 ga Agusta 1914. Ba a yi wata biyu ba Jamusawa suka rasa birnin. 'Yan ƙasa da yawa suka ƙi zama a sabon wurin, sai baƙi suka cika shi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu.

A zamanin Faransa aka gina asibitin 'yan ƙasa a Duwala a 1931. Daga baya aka sa masa sunan Likita Laquintinie, wanda ya rasu a 1941, har yau kuwa da wannan suna ake kiransa. A shekarun 1920 wani likita mai suna Eugène Jamot ya zauna a Ayos, ya kafa ƙungiyoyin ma'aikata masu yawo ƙauye ƙauye suna neman masu ciwon barci suna yi musu allura. Aikin ya rage cutar ƙwarai, ko da yake da tilas aka yi shi, kuma a ƙasar Bafiya ɗaruruwan mutane suka makance saboda an ba su magani fiye da kima. Daga nan aka gane abu biyu: cuta tana ja da baya in hukuma ta zuba kuɗi da ma'aikata, kuma akan cuci mutane in ba su da bakin magana a kan abin da ake yi musu.

Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnati ta ɗauki lafiyar jama'a nauyinta ne. Magani a asibitin gwamnati kusan kyauta ne a lokacin. An riga an buɗe Cibiyar Pasteur a Yawunde a 1959. A 1963 ƙasashen Afirka ta Tsakiya suka kafa ƙungiyar yaƙi da annoba, OCEAC, mai hedkwata a Yawunde, a 1969 kuma aka buɗe makarantar koyon aikin likita. Ɗan ƙasar, Farfesa Victor Anomah Ngu, ya sami lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972 saboda aikin da ya yi a Ibadan a kan wani ciwon daji mai kama yara. Shi ne ya zama Ministan Lafiya daga 1984 zuwa 1988.

A cikin waɗannan shekaru ne al'amura suka juya. Daga 1986 farashin man fetur da koko da kofi ya faɗi a kasuwar duniya, baitulmali ya bushe, ga bashi ya yi katutu. Gwamnatin Shugaba Paul Biya ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1988, da Bankin Duniya a 1989. Sharaɗin rancen shi ne tsuke bakin aljihu: a rage kashe kuɗi, a tsai da ɗaukar sababbin ma'aikata. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sun riga sun hadu a Bamako, suka amince mara lafiya ya riƙa biyan wani abu domin a sami kuɗin sayen magani, jama'ar unguwa kuma su sa ido a kan asusun. Nufin shirin mai kyau ne, gama ɗakunan magani da yawa ba ko ƙwaya ɗaya a cikinsu. Amma a wurin talaka abin da ya fito fili shi ne, ba kuɗi ba magani.

Bishop-bishop na Katolika na ƙasar ba su yi shiru ba. A lokacin Fentikos na 1990 suka fitar da wasiƙa a kan matsin tattalin arziki, aka karanta a majami'u. Suka ɗora laifi a kan nauyin bashin waje, suka kuma ɗora a kan sata da rashawa na cikin gida. Kadinal Christian Tumi, wanda ya zama Babban Bishop na Duwala a 1991, ya ci gaba da irin wannan magana har ya rasu a 2021. Duk da haka abin ya ƙara tsanani. A 1993 aka zabge albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu, a Janairu da Nuwamba, har da yawa suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa. A Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Tun da yake daga waje ake sayo yawancin magunguna, farashinsu ya tashi nan da nan.

Ga yadda abin ya kasance a asibiti. Mara lafiya zai biya kuɗin kati, a rubuta masa takarda, danginsa su fita su sayo allura da auduga da safar hannu kafin a taɓa shi. Nas da albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata takan nemi na goro. Likitoci da yawa suka koma asibitocin kuɗi, waɗansu suka tafi Faransa ko Beljiyam ko Amurka. Masu tallan magani suka cika bakin kasuwa, ana sayen ƙwaya ɗaya ɗaya, ba a san ta gaskiya da ta jabu ba. A Unguwar Hausawa, kamar sauran unguwanni, adashi da karo-karo na dangi da taimakon masallaci ko majami'a su suka zama asusun lafiya. Asibitocin mishan suka cika da mutane, su ma kuwa sai da kuɗi suke iya tafiya. Kuɗin da gwamnati ta janye, aljihun talaka ne ya cike gurbinsa. Har a shekarun baya-bayan nan kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Kamaru daga hannun iyalai yake fitowa.

Aikin bincike ma ya sha wuya. A 1991 aka rufe cibiyar binciken zaman jama'a ta ƙasa, sauran cibiyoyi kuma, har da ta binciken magani da itatuwan magani a Yawunde, suka rasa kuɗin aiki, suka koma dogara ga masu ba da taimako na ƙetare. Wanda ya biya kuwa shi ke faɗin abin da za a bincika. An ga haka a Duwala a 2004, sa'ad da ƙungiyar Family Health International ta Amurka ta fara gwajin wani magani mai suna tenofovir a kan mata masu zaman kansu wajen 400, domin a ga ko zai hana kamuwa da ƙanjamau. Wata ƙungiyar Kamaru, REDS, tare da Act Up ta Faris, suka yi tambaya: an bayyana wa matan abin sosai da harshen da suke ji? Wa zai ɗauki nauyin jinyar wadda ta kamu a lokacin gwajin? A Fabrairu 2005 Ma'aikatar Lafiya ta dakatar da aikin. Daga baya gwaje-gwaje a wasu ƙasashe suka nuna maganin yana aiki, Amurka ta amince da shi don rigakafi a 2012. Ke nan an yi hasarar bincike mai amfani, domin ba a zauna da jama'a tun farko ba.

A wannan shekara ta 2004 kwalara ta ɓarke a birnin, ta kama mutum wajen 5,000 cikin watanni kaɗan, yawanci a unguwannin da ke shan ruwan rijiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka mai da jinyar masu cutar kyauta, aka zuba magani a rijiyoyi, mutane suka riƙa zuwa asibiti da wuri, waɗanda suka mutu ba su yi yawa kamar yadda aka ji tsoro ba.

Sauƙin da aka samu daga baya, magana ce ta jawo shi. Ikkilisiyoyi a ƙasashe da yawa suka haɗa kai a yunƙurin Jubili 2000, suna neman a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. Kamaru ta shiga shirin yafe bashi a 2000, ta kammala sharuɗɗansa a 2006, bisa alkawarin za a sa kuɗin a lafiya da ilimi. Ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau suka matsa a rage farashin maganinsu, aka yi ta ragewa, har ya zama kyauta a Mayu 2007. A 2011 aka mai da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Amma alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Kamaru ba ta cika shi ba.

Ran 12 ga Maris 2016 aka kawo wata mace mai cikin tagwaye asibitin Laquintinie. Ba ta sami shiga ba. A ƙofar ɗakin haihuwa wata 'yar'uwarta ta tsaga cikinta da reza domin ta ceci jariran, ba kuwa wanda ya rayu. Hukuma ta ce matar ta riga ta rasu kafin a kawo ta, jama'a da yawa ba su gamsu ba. Kashegari mutane suka taru a ƙofar asibitin, 'yan sanda suka watsa su. Cikin makonni kaɗan aka sauke shugaban asibitin, aka kuma ba da umarni a fara duba mai ciwon gaggawa kafin a yi zancen kuɗi. A 2017 likitoci da kansu suka shiga yajin aiki, cikin bukatunsu har da inshorar lafiya ga kowa. A Afrilu 2023 gwamnati ta ƙaddamar da matakin farko na shirin. A Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Shekara guda bayan haka, a Janairu 2025, gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta na ƙetare, ayyukan ƙanjamau da na zazzaɓi da suka dogara gare shi suka girgiza.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ƙarar Manga Bell har zuwa taron ƙofar Laquintinie, waɗanda aka saurara su ne waɗanda suka faɗi abin da suka gani, suka nemi abu takamaimai, suka kuma tsaya tare. Kowane ɗakin magani na gwamnati yana da kwamitin lafiya na unguwa, kujerunsa kuwa na mutanen unguwa ne. Limami da fasto da mai unguwa da shugabar matan adashi suna iya zama a kai, su tambayi nawa aka karɓa, nawa aka kashe, da wane magani ne doka ta ce kyauta ne. Lafiya uwar jiki ce, kwalara kuwa in ta shiga rijiya ba ta tambayar addinin mai ɗiban ruwa.