Harsunan Gwamnati da Harshen Zango: Tarihi Daga Nima da Maamobi

Wanda ya ratsa kasuwar Nima a birnin Accra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara, zai haɗu da Bazabarme daga Nijar, da Bamoshe daga Burkina Faso, da Bakotokole daga Togo, da Bayarabe daga Nijeriya. Takardun wasunsu da Faransanci aka rubuta su, na wasu kuma da Ingilishi, amma cinikinsu da gaisuwarsu da Hausa suke yi. Dalilin haka yana cikin tarihi biyu: na Turawan da suka shigo ta teku, da na fataken da suka gangaro daga arewa.

Turawan Fotugal ne suka fara isowa gaɓar nan, suka gina ganuwar Elmina a 1482. Turawan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingila a 1872. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, kowace daular Turai ta ja iyakar rabonta, harshenta ya zama na ofis da kotu da makaranta. Ingilishi ya zauna a Gana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, haka ma Laberiya, wadda ta same shi daga 'yantattun bayin Amurka. Faransanci ya mamaye Senegal da Mali da Gini da Nijar da Benin, da kuma maƙwabtan Gana uku: Kodebuwa a yamma, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas. Harshen Fotugal ya tsira a Gini Bisau da tsibiran Kef Verde da Sawo Tome. Sifaniyanci kuwa, a ƙasashen kudu da Sahara, Ikwatoriyal Gini kaɗai ta riƙe shi, wadda ta sami 'yanci a 1968.

Duk da haka harshen Fotugal ya sake dawowa Accra ta wata ƙofa. Bayan tawayen bayi Musulmi a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835, wasu 'yantattu, har da masu asalin Hausa, suka tsallako teku, mutanen Ga suka ba su masauki a Jamestown. Ana kiransu Tabom, daga kalmar da suke yawan faɗa a harshen Fotugal mai ma'anar "lafiya lau". Jikokinsu a yau harshen Ga suke yi, sunan ne kawai ya rage.

Hausa ta biyo hanyar goro. Ayarin fatake daga Kano da Katsina ya daɗe yana zuwa Gwanja, inda Salaga ta zama babbar kasuwa. Wurin da ayari yake sauke kaya shi ne zango, kuma daga nan sunan unguwannin ya samo asali. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Su ma Turawan Ingila sun ɗauki Hausawa aikin soja, musamman a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874, har Hausa ta zama harshen bariki. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Filin nan ne ya zama Nima, wadda ta cika ta batse bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Maamobi ta bunƙasa a gefenta. Baƙi daga ƙasashen Faransa da na Ingila ba su da harshen Turai guda da ya haɗa su, sai suka ɗauki wanda suka tarar a masallaci da kasuwa.

Iyakar Turawa ta nuna ƙarfinta a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta bai wa baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice daga Gana. Mutanen zango da yawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka koma ƙasashen da iyayensu suka baro, wasu ba su jin harshen gwamnatin da ta karɓe su.

Ga ɗalibin Hausa, wannan tarihi yana bayyana a bakin mutane. Bahaushen Nijar yana cewa lakwal da mushe, kalmomin da ya aro daga Faransanci, inda na Kano zai ce makaranta da malami. Hausar Gana kuma, da yake mafi yawan masu yinta harshe na biyu ce gare su, ta sassauta bambancin jinsin namiji da mace, kuma sau da yawa ba ta rarrabe ɓ da b, ko ƙ da k. Taswirar ma ba ta daina motsi ba: Mali ta mayar da Faransanci harshen aiki kawai a 2023, Nijar kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025.