Habbatus Sauda: Daga Jakar Alhazai Zuwa Kwalbar Kasuwa

Wata rana da marece muna cikin darasi a nan Dakoro, sai wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya fiddo ƴar kwalba daga aljihu. Ya ce, "Malam, karanta mini wannan. Na gwada, baƙaƙen ba irin namu ba ne." Rubutun Larabci ne da Ingilishi, kuma man habbatus sauda ne a ciki. Wanda ya saida mashi a kasuwa ya ce man yana gyara "homon", yana ba da haihuwa, yana kashe ciwon suga. Dattijon nan yana da ciwon suga. Ya yi kwana 10 bai sha ƙwayoyin da aka rubuta mashi a gidan likita ba, don a ganinsa ya samu abin da ya fi su.

Ran nan ba mu ƙare darasin lissafi ba. Hira ta koma kan wannan baƙar ƙwaya. Kowa ya san ta, amma ba wanda ya san inda ta fito. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi sawunta tun daga farko.

Habbatus sauda ba shukar gonakinmu ba ce. Manomanmu na Dakoro da Kornaka sun san hatsi da wake da gujiya, amma ba su shuka ta. Ana noma ta a Masar, da Habasha, da Turkiyya, da Siriya, da Indiya. Ƙaramin tsiro ne mai fure, ƴaƴansa suna cikin kwanso, baƙaƙe ƙirin, ba su fi ƙwayar riɗi girma ba. Ko sunanta ma baƙo ne. Da Larabci ma'anarsa "baƙar ƙwaya".

Mutane sun daɗe da saninta ƙwarai. A shekarar 1922 wani Bature, Howard Carter, ya buɗe kabarin wani Fir'auna na Masar mai suna Tutankamun. Sarkin nan ya mutu fiye da shekara 3,300 da suka wuce. Cikin kayan da aka binne shi da su an samu habbatus sauda. Littafin Annabi Ishaya na Yahudawa da Kirista shi ma ya ambace ta cikin amfanin gona. To kun ga, ta riga kakannin kakanninmu shiga tukunya da jakar magani.

Abin da ya ɗaukaka ta a wurinmu shi ne hadisi. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekarar 870, da Imamu Muslim, sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi wannan ƙwaya da waraka mai faɗi, ya ware mutuwa kaɗai. Wannan kowa ya sha jin shi, har mai lasifika a kasuwa da shi yake buɗe baki. Amma akwai abin da mai lasifika ba ya faɗi. A cikin Buhari ɗin dai, akwai labarin wani marar lafiya a Madina da aka je dubawa. Wanda ya ba da shawara a yi mashi magani da ita cewa ya yi a ɗauki ƙwaya 5 ko 7, a niƙa, a haɗa da mai, a ɗiga a hanci. Ku lura da wannan, ƙwaya 5 ko 7. Mutanen farko ƙirga ta suke yi.

Malaman da suka zo daga baya su ma ba su bar maganar a sake ba. Ibn Hajar na Masar, wanda ya rasu a 1449, ya yi sharhin Buhari a littafinsa Fathul Bari. Ya kawo ra'ayin malamai irin su Haɗɗabi, masu ganin cewa lafazin hadisin mai faɗi ne, amma abin nufi wasu cututtuka ne, irin na sanyi da majina. Wasu malamai sun bar shi a faɗinsa. Ibn Sina, babban likitan Musulmi wanda ya rasu a 1037, ya rubuta ta cikin magunguna a littafinsa Alƙanun. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya bayyana yadda ake jiƙa ta, da yadda ake haɗa ta da zuma, da ciwon da kowane haɗi ya dace da shi. Kowanensu ya yi maganar ciwo kaza, haɗi kaza.

Ilimin nan ya iso ƙasar Hausa cikin littattafai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basur, kuma ya ɗebo daga irin wannan ilimi na maganin Annabi. Ita ƙwayar kuwa, mu a ƙauye a hannun alhazai muka fi saninta. A da, tafiya Makka a ƙasa ake yi. Mutum ya bi ta Cadi, ya ratsa Darfur, ya kai Kartum, ya tsallake teku daga Sawakin zuwa Jidda. Wani ya yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙodago don guzuri. Wani ma bai dawo ba, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. Wanda Allah ya dawo da shi, ba ya iya ɗauko kaya mai nauyi. Ruwan zamzam kaɗan, da dabino, da tasbaha, da ƙullin habbatus sauda. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, tsaraba ta ƙaru, amma ba ta canza kama ba.

Na tuna kakata tana da irin wannan ƙulli a cikin kwalla. Idan mura ta kama yaro, sai ta ɗebi kaɗan da yatsa biyu, ta soya sama-sama, ta ƙulla a tsumma, ta ce ya shaƙa. Ƙullin nan guda ya fi shekara bai ƙare ba. Ban taɓa jin ta ce yana maganin rashin haihuwa ba, kuma ita mace ce da ba ta ɓoye abin da ta sani.

Yanzu zamani ya juya. Akwai kantunan maganin Musulunci a Kano da Katsina da Maraɗi, kuma daga can kaya suke shigowa kasuwanninmu. Ƙwaya ta zama mai a kwalba, ta zama ƙwanso irin na farmasi, ta shiga sabulu da shayi. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, gwamnan jihar Oyo a Najeriya, Seyi Makinde, ya faɗa wa jama'a cewa ya sha manta da zuma sa'ad da ya kamu. Mutane suka yi ta rububinta. Sabuwar kalma kuma ta shigo bakin masu talla, ita ce "homon".

Mene ne homon? Wasu ruwaye ne da jiki yake yi da kansa, kaɗan-kaɗan, yana sakinsu cikin jini. Kamar ƴan aiken sarki suke, kowane da saƙonsa. Akwai wanda ake kira insulin, shi ke kai suga daga jini zuwa inda jiki zai ci moriyarsa. Akwai na wata halitta a gaban wuya, shi ke tsara saurin aikin jiki. Akwai na maza da na mata, masu kula da al'ada da ciki da haihuwa. Idan ɗaya ya yi yawa ko ya gaza, jiki ya rikice. Awon jini ne ke nuna haka, ido ba ya gani.

Masu bincike sun gwada habbatus sauda a kan wasu daga cikin waɗannan, kuma gaskiya sun ga alheri. Tun a 1963 wani masani ɗan Masar, Dakakni, ya fitar da sinadarin da ke cikin manta, mai suna timokinon. A 2010, a Saudiyya, an ba masu ciwon suga 94 habbatus sauda har wata 3. Waɗanda suka sha giram 2 kowace rana, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, sugansu ya sauka. Amma ku ji da kyau, dukansu suna shan maganinsu na likita, ƙari aka yi masu a kai. A 2014, a Iran, an gwada manta a kan maza 68 masu matsalar haihuwa. Rabinsu sun sha rabin ƙaramin cokali sau 2 a rana har wata 2, kuma awo ya nuna maniyyinsu ya inganta. Awon bai ƙirga jarirai ba. A 2016, a Iran, an gwada garinta a kan mutum 40 masu wani ciwo na halittar wuya, har mako 8, awon jininsu ya yi kyau.

Mutum 40, mutum 68, mutum 94. Duka ba su cika ƙauye guda ba, kuma ba wanda aka bi fiye da ƴan watanni. Ni a ganina wannan ya isa a ce ƙwayar tana da amfani, bai isa a ce ta gaji likita ba. Maƙoƙon da muka saba gani a karkara kuwa, yawanci rashin sinadarin iyod ne a abinci, kuma gishiri mai iyod ne rigakafinsa. Mace mai ciki kada ta sha man nan cokali-cokali, ɗan abin da ke cikin abinci ya wadatar. Mai shan maganin suga ko na hawan jini, in zai haɗa da ita ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, don su biyun tare suna iya saukar da suga ko jini fiye da kima. Ita kwalbar ma, ba mu da hanyar sanin ko an gauraya ta da wani mai.

Duk wannan na karanta wa dattijon nan a aji, layi-layi, yana bi da yatsa. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, na zubar ke nan? Jika biyu na biya." Na ce, "A'a Baba, kada ka zubar. Ka tafi da ita gidan likita tare da ƙwayoyinka, a auna ka, ka nuna masu." Washegari ɗansa ya kai shi a kan babur. Sugansa ya hau sosai, aka maida shi kan magani. Da ya dawo aji bayan mako guda, ya buɗe littafinsa ya nuna mini shafin ƙarshe. Ya ja layi biyu, ɗaya na rana, ɗaya na lambar da awo ya ba da, kuma da hannunsa ya rubuta ta farko.