Jirgin Sama na Haɗin Gareji: Tarihin Masu Ƙera Jirginsu da Hannu Su Shiga Daji da Shi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Da yawanku kun taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok: ɗan ƙaramin jirgi mai ƙatta-ƙattan tayoyi, ya taho a hankali kamar shirwa, ya dira a kan tsakuwar bakin kogi ya tsaya cak. Abin da bidiyon ba ya faɗa muku shi ne, da yawa daga cikin jiragen nan ba daga masana'anta suka fito a haɗe ba. A akwati aka kawo su gunduwa-gunduwa, wani malamin makaranta ko bakanike ko ɗan fansho ya kwashe shekaru yana haɗawa a garejin gidansa. Ni abin da ya fi ɗaure min kai ma shi ne yadda aka yi gwamnati ta yarda. Don haka yau labarin da zan ba ku rabinsa na ƙarfe da inji ne, rabinsa na doka.

Mu fara da wani bakanike mai suna Bernard Pietenpol, mutumin ƙauyen Cherry Grove a jihar Minnesota ta Amurka. Bai yi karatun injiniya ba. A 1929 ya tashi da wani jirgi mai kujera biyu da ya ƙera da katako, ya lulluɓe da yadi, ya ɗora masa injin motar Ford Model A mai ƙarfin doki 40. Injin mota fa, irin wanda ake samu a kowane gari a lokacin. Da editan mujallar Modern Mechanics ya nuna shakkar cewa injin mota zai iya ɗaga jirgi, sai Pietenpol da abokinsa suka tuƙo jirage biyu har birnin Minneapolis, suka ce to ga shi, zo ka gani. Daga baya mujallar ta buga zanen jirgin, mutane suka shiga ƙerawa a rumbuna da shaguna. Har gobe ana ƙera Air Camper, sunan jirgin ke nan.

Amma hukuma ba ta yi murna ba, kuma in za a yi adalci tana da hujja. A Faransa wani mai suna Henri Mignet ya fitar da littafi a 1934 yana koya wa kowa yadda zai ƙera wani ɗan jirgi da ya raɗa wa suna Pou du Ciel, wato kwarkwatar sama. Jama'a suka yi masa caa a Faransa da Ingila. Sai aka fara mutuwa. Bincike ya gano cewa idan jirgin ya sunkuyar da kai ya wuce wani mizani, duk yadda matuƙi ya ja ba ya ɗagowa. Aka hana shi tashi. A Amurka kuwa, tun bayan dokar sufurin sama ta 1926, gwamnatin tarayya ta karkata ga jiragen masana'anta masu takardar shaida, jihohi da dama suka bi sahu suka haramta tashi da jirgin da ba shi da lasisin tarayya. Mai haɗin gida ya zama kamar mai laifi.

Jiha ɗaya ce ta yi taurin kai, Oregon. Ita da kanta take duba jiragen mutanenta ta ba su lamba, kamar yadda ake ba mota. A wani fili da ke garin Beaverton aka samu gungun masu ƙere-ƙere da ake yi wa laƙabi da 'yan tawaye, don ba ruwansu da lasisin tarayya. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya dakatar da su. Bayan yaƙi, a 1947, ɗaya daga cikin mutanen wannan yanki, George Bogardus, ya hau wani ɗan jirgin haɗin gida mai kujera ɗaya da ake kira Little Gee Bee, ya ratsa Amurka tun daga gabar yamma har birnin Washington. Ya kai wa hukuma jirgin har ƙofarta, ta ga da idonta cewa abin da aka haɗa a gida ya ƙetare ƙasar bai wargaje ba. A 1952 hukumar sufurin sama ta buɗe rukuni na musamman na jiragen da mutum ya ƙera wa kansa. Jirgin Bogardus yana gidan tarihi na Smithsonian a yau.

Shekara ɗaya bayan nan, a watan Janairun 1953, Paul Poberezny ya tara 'yan tsirarun mutane a Milwaukee suka kafa ƙungiyar EAA. Ofishinta na farko ɗakin ƙasa ne na gidansa. Wannan ƙungiya ce ke shirya taron Oshkosh a jihar Wisconsin duk shekara, inda jirage wajen 10,000 ke sauka a mako guda.

To, mene ne sharaɗin da aka ƙulla? Ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar labarin. Gwamnati ta ce: ka ƙera abin da ka ga dama, ba za mu tilasta maka gwaje-gwajen miliyoyin daloli da muke ɗora wa kamfanoni ba. Amma dole mafi yawan aikin, fiye da rabi, ya zama hannun masu sha'awa ne ya yi shi, don ilimi ko nishaɗi. Shi ne abin da ake kira dokar kashi 51. Ba za ka yi haya da jirgin ba, ba fasinjan kuɗi, ba dakon kaya. Za ka rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro cewa na gwaji ne, kuma a gaban kujerar fasinja ka manna gargaɗin cewa jirgin bai cika ƙa'idojin jiragen masana'anta ba. Kafin ka ɗauki kowa yawo, sai ka yi awa 40 kana gwada shi a wani keɓantaccen yanki da aka iyakance maka, ko awa 25 idan injin da farfelar masu takardar shaida ne. A taƙaice, an ba ka 'yanci, an kuma ɗora maka alhakin ranka a wuyanka. A ganina wannan yana daga cikin dokoki masu hikima da aka taɓa yi a harkar sama, domin ta raba tsakanin wanda ya zaɓi haɗari da idonsa a buɗe da wanda ya sayi tikiti bai san komai ba.

Yanzu ina daji ya shigo? A tsakiyar jihar Idaho akwai wani makeken daji mai duwatsu da kwazazzabai da ake kira Frank Church River of No Return, eka sama da miliyan 2, babu titin mota a cikinsa. Masu haƙar ma'adinai da makiyaya da ma'aikatan gandun daji sun daɗe da share 'yan filayen sauka a bakin koguna. Lokacin da majalisa ta mai da wurin daji mai kariya a 1980, sai aka bar wa jirage damar ci gaba da sauka a filayen, abin da ba a cika yarda da shi ba a irin waɗannan dazuzzuka. Alaska kuma tata ta fi haka, don yawancin garuruwanta titi bai kai gare su ba. Can jirgi shi ne a-kori-kura, shi ne motar asibiti. Sarkin wannan aiki shi ne Piper Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1949.

Sai masana'antun suka durƙushe. A 1978 kamfanonin Amurka sun fitar da ƙananan jirage kusan 18,000. Zuwa 1994 ba su kai 1,000 ba. Babban dalili shi ne ƙararraki a kotu: jirgi ya yi shekara 30 yana aiki, ya faɗi, a maka kamfanin da ya ƙera shi. Kuɗin inshora ya hau kan farashi. Cessna ta daina ƙera ƙananan jiragenta masu inji ɗaya a 1986, Piper ta shiga fatarar kuɗi a 1991. Mai matsakaicin ƙarfi da ke son sabon jirgi ya rasa inda zai dosa, sai ƙofar nan da Bogardus ya buɗe. Kun ga dabarar: idan kai ka haɗa, a idon doka kai ne masana'antar.

A Idaho ɗin dai aka samu amsa. A 1983 Dean Wilson ya fito da Avid Flyer, a 1984 kuma Dan Denney, wanda suka yi aiki tare, ya kai nasa samfurin Oshkosh da sunan Kitfox. Gangar jikin bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda tun daga kamfani, a lulluɓe da yadin roba da ake ɗamewa da zafin dutsen guga. E, dutsen guga, ba ku ji ba daidai ba ne. Kujera biyu gefe da gefe. Fukafukan suna naɗewa baya, ka ɗaura jirgin a tirela ka ja shi gida, ka huta da kuɗin hayar rumfa a filin jirgi. Na farko-farko injinan Rotax masu bugu biyu suke amfani da su, dangin injin keken ƙanƙara. Da kamfanin Rotax na Ostiriya ya fitar da samfurin 912 a 1989, mai bugu huɗu da ƙarfin doki 80, mara nauyi, kuma yana shan fetur ɗin mota, sai harkar ta canza baki ɗaya.

A Kanada kuma akwai Chris Heintz, injiniyan da ya yi aiki a kan jirgin Concorde a Faransa kafin ya yi ƙaura. Mutumin da ya taɓa jirgin fasinja mai gudun da ya ninka na sauti, shi ne a 1986 ya zana CH 701, jirgin da duk burinsa ya yi tafiyar hawainiya ba tare da ya faɗo ba. Gaskiya ba shi da kyan gani, kamar akwatin gwangwani yake. Amma a gaban fiffikensa akwai wani siririn falle da ke tilasta wa iska ta manne da saman fiffiken ko da an ɗaga hancin jirgin sosai. Da haka yake iya tafiya a hankali, kuma wanda ya taho a hankali ɗan fili kaɗan yake buƙata ya tsaya. Sirrin jirgin daji ke nan gaba ɗaya: rashin nauyi, babban fiffike, da tayoyi masu taushi da ke haɗiye duwatsu. Wasu tayoyin tsayinsu inci 35 ne, iskar cikinsu kuma 'yar kaɗan.

Kada wani ya ɗauka wasa ne. Haɗa irin wannan jirgi yana cin ɗaruruwan awoyi, sau da yawa ya haura dubu, kuma akwatuna da yawa sun tsufa a gareji ba a gama ba, wasu sai magada ne suka sayar. Mai haɗawa yana ajiye littafi da hotunan kowane mataki, don ranar da mai duba na hukuma zai zo. Ƙungiyar EAA tana da tsofaffin hannu da ke zuwa kyauta su leƙa aikinka kafin ka rufe shi da yadi. Duk da haka, binciken da hukumar NTSB ta fitar a 2012 ya nuna cewa a 2011 jiragen haɗin gida kusan kashi 10 ne cikin 100 na ƙananan jiragen Amurka, amma su ke da kusan kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Matsalar inji da hanyar mai a tashin farko-farko ta fito fili a binciken, haka ma mutanen da suka sayi jirgin da wani ya haɗa ba su san halinsa ba. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a watan Oktoban 1997 a gabar Monterey ta California cikin irin wannan jirgi da ya saya. Wanda ya haɗa shi ya sauya wa makunnin zaɓen tankin mai wuri, ya kai shi bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, inda sai ka murɗa jiki kafin hannunka ya kai. Masu bincike sun ɗora haɗarin a kan wannan juyawar da ya yi yana ƙoƙarin sauya tanki.

Dajin ma yana da nasa tarkon. Idan wuri yana da tudu kuma rana ta yi zafi, iska takan yi shara-shara, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka. Filin da ka tashi a cikinsa lafiya da asuba, da azahar sai ya yi maka kaɗan. Shi ya sa matuƙan Idaho suke sammako su gama shawaginsu kafin rana ta take. Wasu filayen kuma hanya ɗaya ce shiga, dutse ne a gaba, in ka kuskure saukar babu damar sake zagayowa.

Masu wannan sha'awa suna da gasarsu a garin Valdez na Alaska duk watan Mayu, ta wa zai fi tashi da sauka a gajeren fili. A 2017 wani dattijo, Frank Knapp, ya sauke jirginsa na haɗin gida mai suna Lil' Cub a tazarar ƙafa 10 da inci 5, wato mita 3 da 'yan kai. Iskar da ke kaɗowa ta gaba ta taimaka, kuma an rage wa jirgin duk wani nauyi da za a iya ragewa, amma dai ku auna mita 3 a tsakar gidanku ku gani.

Nasan wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Akwai ruwanmu, a Kaduna ma kuwa. Jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Najeriya da ake kira Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, asalinsa RV-6A ne, jirgin haɗin gida na kamfanin Van's Aircraft da ke Oregon, jihar 'yan tawayen nan. Kamfanin AIEP ne ya yi masa gyare-gyare ya haɗa guda 60 a Kaduna, kuma matuƙan sojanmu da dama a kansa suka fara koyon tashi. Sannan a 2007 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin kimiyyar lissafi da sarrafa abubuwa na Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa helikwafta da tarkacen motoci da babura, da injin Honda Civic. Ya ɗan ɗaga daga ƙasa, aka yi ta ɗaukar hoto. Duk lokacin da na tuna labarin yaron nan sai Pietenpol ya faɗo min a rai, shi ma da injin mota ya fara. Sai dai shi ya samu mujallar da ta buga zanensa, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka samu rukuni a doka, da mai dubawa, da filin gwaji na awa 40, da dattawan da za su ce musu wannan waldar ba ta yi ba, a sake.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa aiki a kan Air Beetle a Kaduna, ko mahaifinsa ya yi, don Allah ya yi mana magana ta akwatin saƙo, muna son jin yadda aikin ya gudana daga bakin waɗanda suka riƙe sifana.