Daga Mai Ƙirga Wuri Zuwa Mai Gyaran Walat: Tarihin Amana a Kasuwannin Kudancin Kaduna

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta ɓullo a Zonkwa da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna, sana'ar da ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da ƙungiya, ba ta da sarki. Mai yin ta yawanci matashi ne, wani lokaci mai cajin waya ko mai POS, wanda ake kawo wa waya a ce walat ta ƙi buɗewa, ko an turo kuɗin kirifto ba su iso ba, ko an canza waya komai ya ɓace. Rabin aikinsa a zauren WhatsApp da Telegram yake yi, inda shi ne admin. Masu tallan kirifto sun ce sun kawo kuɗin da ba ya bukatar ɗan tsakiya, kowa bankin kansa ne. Ni kuwa abin da nake gani a tarihin wannan yanki shi ne, duk kuɗin da ya shigo baƙo sai da ya haifi nasa ɗan tsakiya, kuma karɓuwar kuɗin ko faɗuwarsa ta fi rataya a kan amanar wannan mutum fiye da ingancin kuɗin.

Mu fara da wuri. Garin Zangon Kataf, wanda ƙaramar hukumar da Zonkwa take hedikwatarta ta ɗauki sunansa, asalinsa zango ne na fatake, inda ayari ke sauke kaya a ƙasar Atyap, su yi ciniki da mutanen yankin, har da maƙwabtansu Bajju. Wurin da fatake ke ɗauke da shi ba a nan aka haife shi ba. Daga tsibiran Maldibas na tekun Indiya aka fi kwaso shi, ya ratso teku da hamada kafin ya iso. Ba wani sarki da ya buga masa hatimi, ba kuma baitulmalin da ya tsaya masa. Darajarsa yardar jama'a ce kawai, wanda shi ne ainihin abin da ake zargin kirifto da shi yau. Wahalarsa kuma ita ce ƙirga. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, sai dai a zube shi a ƙasa a ja biyar-biyar da yatsu. Bature matafiyi Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri wajen 2,500, keso guda kuwa wuri 20,000 ne. Wanda zai sayi doki ba zai zauna ya ƙirga wannan tsibi shi kaɗai ba. Dole a nemi gwanin ƙirga, dole a nemi fatoma da dillali su tsaya shaida. Kuma abin da ya hana waɗannan mutane cin amana ba tsoron Allah kaɗai ba ne: gidan fatoma ba ya tashi daga inda yake, ayarin bana zai dawo baɗi, labarin ha'inci kuwa ya fi jaki sauri.

Da Turawa suka zo, suka hana shigo da wuri, suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, da sisi da sule, ba farin jini ne ya shigar da su ƙauyuka ba, haraji ne. Sai kuma jirgin ƙasa. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan, reshe ya tafi Jos, ƙaramin gari ya zama mahaɗa, Zonkwa ma ta samu tasha. Albashin ma'aikatan reluwe, da ladan leburorin haƙar kuza a Filato, da kuɗin citta da ake fitarwa waje, su suka cika yankin da ƙwandala. Duk da haka wuri ya daɗe yana yawo a ƙananan kasuwanni, kuma tsakanin tsohon kuɗi da sabo aka samu masu canji, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa idan lokacin haraji ya gabato. Manomin da bai iya karatun Bature ba, wajen malamin awo ko ɗan gari mai ilimin boko yake jin nawa takardar hannunsa take. Haka aka sake yi a 1973 da naira ta maye gurbin fam, haka kuma a Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi ta ba da ƙasa da mako biyu a canza. Wanda ba shi da asusun banki, wa zai miƙa wa ɗaurin kuɗinsa in ba ɗan kasuwar da ya sani ba?

Akwai wani babi na wannan tarihi da ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan Kafanchan aka rubuta shi. A 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, wadda Dokta John Dada yake cikin jagororinta, ta zauna a unguwar Bayan Loco. Da ƙananan basussuka ga matan karkara ta fara, irin bashin da jinginarsa ita ce ƙungiyar mata da sanin juna, kusan yadda adashi yake tafiya. Daga nan ta shiga koyar da kwamfuta da tsofaffin injina da aka gyara, har ta ci kyautar Hafkin ta Afirka a 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Najeriya. Bayan haka ta kafa ZittNet, hanyar intanet mara waya da ke raba sadarwa daga tauraron ɗan'adam zuwa cibiyoyin da ke kewaye. Abokan gabar wannan aiki su ne zafi, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, da wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, da tsawar damina. Abin da ya riƙe shi shi ne an horar da 'yan gari su kwance inji su ɗaure. Na'ura ta lalace, mai gyara yana nan, an san gidansu. Wato tun kafin a ji sunan Bitcoin, wanda sai a 2009 ya fara aiki, Kafanchan ta riga ta gwada haɗa kuɗin talaka da intanet, ta kuma ga cewa mai gyara na kusa shi ne ginshiƙin abin.

Kirifto ya samu ƙofa ne lokacin da amana ga kuɗin hukuma ta yi rauni. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto. Cinikin bai mutu ba, ya koma hannu da hannu ta intanet: ka tura naira asusun mutum, shi ya sakar maka kirifto irin su USDT. A Oktoban shekarar aka ƙaddamar da eNaira, wadda take da dukan ƙarfin gwamnati a bayanta amma ba ta da wanda zai zauna da kai a benci ya nuna maka, ba ta kuwa yi tasiri ba. A farkon 2023 canjin takardun naira ya jefa mutane cikin sayen kuɗinsu da kuɗi a wajen masu POS. Darajar naira ta zube, citta ta kamu da cuta a daminar shekarar, manoma da yawa suka tafka asara. A irin wannan hali aka shiga 2024, shekarar mainin, matasa da matan aure suna dangwala waya suna jiran Notcoin da Hamster Kombat su fashe, wasu kuma suna dakon Pi, wadda sai a Fabrairun 2025 ta buɗe kasuwa. Dubban mutanen da ba su taɓa cike takardar banki ba suka wayi gari da walat a aljihu.

A nan ne sabon ɗan tsakiya ya bambanta da magabatansa, kuma bambancin abin tsoro ne. Walat ba ta ɗauke da kuɗi a cikinta. Mabuɗi take riƙewa, mabuɗin kuwa kalmomi ne 12 ko 24 na Turanci da ake nuna wa mutum ranar da ya buɗe ta. Matsalolin da ake kawowa zaure sanannu ne: an tura USDT ta wata hanya alhali mai karɓa adireshin wata hanya daban ya bayar, ko kuɗi suna nan amma ba ɗan canjin da za a biya kuɗin gas, wato ladan turawa, ko waya ta faɗa ruwa ba a rubuta kalmomin a ko'ina ba. Wasu suna gyaruwa, wasu har abada. Mai ƙirga wuri in zai cuce ka, 'yan ɗaruruwa zai zame a gaban idonka. Wanda ka tura wa hoton kalmominka don ya duba maka, zai iya kwashe komai cikin minti ɗaya daga wata ƙasa, ba manajan da zai dawo da su, ba alƙalin da zai juya cinikin. Shi ya sa da zarar mutum ya rubuta kukansa a zaure, saƙo ke shigo masa ta bayan fage daga wani mai hoton admin.

Za a ce ai wannan hujja ce a kan a kori ɗan tsakiya gaba ɗaya, a koya wa kowa riƙe mabuɗinsa. Koyarwar wajibi ce, ban musa ba. Sai dai a dubi wanda ake magana a kansa: mace mai sayar da citta ko acca, wadda waya ɗaya suke amfani da ita da 'ya'yanta, wadda kalmomin nan ba da harshenta aka rubuta su ba, ba Jju ba, ba Tyap ba, ba Hausa ba. A ce mata kuskuren harafi ɗaya zai cinye jarinta kuma laifinta ne, wannan ba 'yanci aka ba ta ba, kaya aka ɗora mata. Za ta nemi taimako ko an so ko an ƙi, kamar yadda kakanta ya nemi mai canji. Tambayar da ta rage ita ce wane ne mai taimakon, kuma wa zai kai ƙararsa.

Wasu kuma za su ce duk harkar caca ce, a bar ta ta mutu. Suna da abin nunawa: MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Amma a lura da yadda waɗannan suka yaɗu. Ba ta allon talla suka shiga gidaje ba, ta bakin ɗan'uwa da abokin coci da na masallaci suka shiga, wato sun hau kan amanar nan ce da nake magana a kanta, suka mai da mutumin kirki ɗan aikensu ba tare da ya sani ba. Hani kuma an gwada shi kusan shekara uku, Babban Banki da kansa ya janye a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC. Wannan doka za ta iya kama kamfani mai ofis a Legas ko Abuja. Hannunta ba zai kai ga admin ɗin zaure mai mutum ɗari biyu a Zonkwa ba.

Abin da zai kai gare shi shi ne irin tsarin da kasuwannin yankin suka daɗe da shi. Masu gyaran waya da masu POS suna da ƙungiyoyi da shugabanni, kuma ba abin da zai hana mai gyaran walat shiga layinsu: a san sunansa da mazauninsa, ya yi aiki a gaban mai waya, kada ya taɓa neman kalmomin sirri ko hotonsu, a fara da tura ɗan ƙaramin kuɗi a gani kafin a tura babba, wanda ya saɓa kuma a sanar da shi a kowane zaure. Cibiyoyin koyar da kwamfuta na Kafanchan da Zonkwa za su iya ɗaukar horarwar, da Hausa da harsunan gida, su haɗa da koya wa almajiransu faɗa wa mai waya gaskiya idan kuɗinsa sun tafi ba dawowa, domin ɓarawo na biyu yakan zo ne da alkawarin zai dawo da abin da na farko ya ɗauka.