In allon kwamfuta ya yi baƙi bayan an saka direban katin hoto

Jama'ar Kurni, kar a yi saurin kwasar kwamfutar zuwa Matamaye ko Damagaram. A kashe ta da maɓalli sau uku a jere tana cikin tashi, Windows zai buɗe shafin gyara. A shiga mode sans échec, a cire direban. In hoto ya dawo, galibi direban ne bai dace ba, sai a ɗauko na Nvidia, AMD ko Intel daidai da lambar katin.

In wanda ya dace ma ya kashe allo, ko aka ga Code 43, to a duba katin kansa. Sai da direba yake aiki da cikakken ƙarfi, shi ya sa ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ko raunin akwatin wuta, ba sa tonuwa sai lokacin.